Jan Ruwan Inabi daga Garkar Gida: Tambayoyinku kan Haɗi da Ɗanɗano

Tambayoyin da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan inabi ne, daga masu ƴar garka da masu sayar da abin sha mai sanyi a Damagaram da kewaye. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a. Maganarmu a kan ruwan inabi ce mai zaƙi wanda bai tsima ba.

Assalamu alaikum. Ina da gindin inabi 40 a garkata. Ƴaƴan suna nuna ja har da baƙi-baƙi, amma in na matse su ruwan ba ya yin ja, sai ya fito fari-fari, kafin la'asar kuma ya koma ruwan ƙasa. Irin ne ba shi da kyau?
*Mai garka, Mirya*

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ɗora wa irin laifi tukuna. Ɓare ƙwaya ɗaya ka duba: naman cikinta fari ne ko kore-kore, jan duk yana jikin fata. Haka kusan kowane jan inabi yake, in ban da ƴan tsirarun iri da namansu ma ja ne, irin su Alicante Bouschet na Faransa da Rubired na Kalifoniya. Duk wanda ya matse ɗanyen inabi ya zubar da fatar, ya zubar da launin ke nan.

Zafi ne ke fito da shi. Ka tsinke ƙwayoyin daga karan nonon, ka ware ruɓaɓɓu da waɗanda tsuntsu ko rina ta huda, ka wanke sauran. Murtsuke su da hannu cikin tukunyar inoks, wato ta ƙarfe marar tsatsa, ko ta fenti wadda ba ta ɓantare ba. Ba a kai su injin markaɗe, ba a daka su a turmi, domin ƙwallayen ciki in suka fashe bauri da ɗaci suke saki, kuma babu sukarin da zai ɓoye su. Ɗora tukunyar a wuta marar ƙarfi kana juyawa har ma'aunin zafi ya nuna digiri 60 zuwa 65, ka riƙe shi a nan minti 30 zuwa 45. Za ka ga fatar ta yi fari-fari ta saki, ruwan ya rine. Sannan ka tace da farin ƙyalle mai tsabta, ka matse a hankali. Kilo ɗaya na ba da mililita 600 zuwa 700. Matsar ƙarshe, wadda ake murɗa ƙyallen da ƙarfi, a tara ta a kwano dabam, don ita ce ta fi bauri.

Kada ya tafasa. Da zarar ya tafasa ƙamshin inabin ya tafi, sai ƙamshin dafuwa. Ruwan ƙasan da kake gani kuwa aikin iska ne a kan ɗanyen ruwa da aka bari a buɗe, saboda haka tsakanin murtsukawa da ɗorawa a wuta kada a wuce awa ɗaya. Tukunyar baƙin ƙarfe na mayar da launin toka-toka, ta alminiyam kuma tsamin inabi na cin ta.

Akwai kuma abin da ke faruwa tun a garka. Fatar inabi ba ta tara launi sosai in zafi ya wuce digiri 30 zuwa 35 lokacin nuna, musamman in dare ma bai yi sanyi ba, kuma zafin na cinye tsamin ƴaƴan. Daga datse rassa zuwa tsinka kwana 120 zuwa 140 ne ga yawancin iri. Wanda ya datse a tsakiyar Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, ƴaƴansa za su nuna cikin ɗarin Janairu da Fabrairu, lokacin da darenmu ke sauka wajen digiri 15. Wanda ya bari sai Disamba, nasa zai faɗa cikin Afrilu, ranar da ake kai digiri 40, ya sami inabi mai zaƙi, koɗaɗɗe, lami. Manoman Nashik a Indiya, masu zafi irin namu, sau biyu suke datsa: ta Afrilu don gindin ya yi sabbin rassa, ta Oktoba don ƴaƴa. Ka duba kuma ko ka bar wa gindin nono fiye da ƙarfinsa, ko ka cika masa takin zamani mai sa ganye. Su biyun duk suna koɗar da launi.

Iri uku gare mu a garkar mahaifinmu: wani ja mai manyan ƙwaya mai zaƙi, wani baƙi ƙanana mai ƙamshi, da wani da kullum yake da tsami. Mu matse su tare ne, ko kowanne dabam? In haɗawa za a yi, nawa-nawa?
*Wani matashi, Matamai*

Ɗan'uwa, kun yi dace. Abin da mai iri ɗaya yake nema ya rasa, ku kuna da shi a garka ɗaya. A ƙasa mai zafi da wuya iri guda ya haɗa launi da zaƙi da tsami da ƙamshi, shi ya sa ake haɗi.

Ku matse kowanne dabam. In kun zuba su tukunya ɗaya tun farko, abin da ya fito shi ke nan, ba gyara, kuma baɗi ba za ku iya maimaita shi ba ko da ya yi daɗi. Kowane ruwa a nasa mazubin, a rubuta suna a jiki, a bar su su huce su kwanta.

Sai awo. Ana sayar da wani ɗan madubin awon zaƙi na hannu: a ɗiga ɗigo biyu a gilashinsa, a rufe, a leƙa ta fuskar haske, a karanta lamba. Lambar Birikis ake ce mata, kuma kowace ɗaya na nufin kimanin giram 1 na sukari cikin giram 100 na ruwan. Ruwan sha mai daɗi yakan faɗa tsakanin 16 da 18. Ƙasa da 14 sai a ji shi tsululu, sama da 20 kuma yana gundura tun kafin a kai rabin kofi. In ba madubin, harshe ma awo ne, sai dai yana gajiya da wuri.

Kada ku taɓa babban mazubi sai kun gama gwaji a ƙaramin kofi. Ku sayi sabon sirinji na mililita 20 a farmasi, marar allura, ku jera kofunan gilashi uku, kowanne za a haɗa mililita 100 a ciki, don kowace mililita ta zama kashi ɗaya cikin ɗari. Kofi na farko: mai zaƙi 70, baƙi 20, mai tsami 10. Na biyu: 60, 30, 10. Na uku: 50, 35, 15. Waɗannan mafari ne kawai. Wanda ya fi kusa da abin da kuke so, sai ku riƙe shi ku riƙa motsa abu ɗaya tak a kowane zagaye, da mililita 5 ko ƙasa da haka. In kun canza abu biyu lokaci guda ba za ku san wanne ya gyara ba. Mai tsamin nan shi ne mai ƙarfi: bambancin 8 da 12 a bakin mai sha ya fi bambancin 50 da 60 na mai zaƙi.

Zaƙin haɗin ana iya lissafa shi kafin a zuba. A ce mai zaƙi ya nuna 19, baƙin 17, mai tsamin 8. A haɗin 60, 30, 10, sai a ce 11.4 da 5.1 da 0.8, jimla 17.3. Ya shiga inda ake so. Tsami kuwa da baki za a yanke hukuncinsa.

Da kun tsayar da haɗi, ku rubuta shi a littafi tare da ranar tsinka da lambar zaƙin kowane iri. Don cika bidon mai lita 20 da haɗin 60, 30, 10, kuna bukatar lita 12 da lita 6 da lita 2, wato wajen kilo 31 zuwa 32 na inabi gaba ɗaya. Amma kada ku ɗauka lissafin bana zai yi aiki baɗi ido rufe. Inabin kowace shekara da halinsa, gwajin kofi kuma ba ya cin fiye da rabin lita.

Ga wanda ba shi da iri mai tsami: nonon da ake ragewa don sauƙaƙa wa gindi, tun suna kore da tauri, kada a zubar. A matse su, a dafa ruwan a kwalba a ajiye. Mutanen Iran da Sham sun daɗe suna girki da wannan ruwan ɗanyen inabi. Kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ya isa ya tayar da ruwan da ya yi lami, kuma ya fi lemun tsami dacewa, don lemun tsami da ƙamshinsa yake shigowa ya danne na inabi. Sharaɗi ɗaya: kada a ɗauki waɗanda aka yi wa feshin magani kwanan nan.

Ɗana da ke karatu a Faransa ya ce ko giyar inabinsu mafi tsada haɗi ce ta iri-iri. Na yi mamaki. Ashe haɗawa ba algus ba ne?
*Wani dattijo, unguwar Birni*

Allah ya ƙara girma, Baba. Akwai gaskiya a maganar yaron: da yawa daga cikin masu tsadar haɗi ne, ko da yake ba duka ba. Wannan fili ba ya koyar da yin giya, amma dalilin haɗin nasu dalili ne na noma, kuma ya shafi mai ruwan inabi. A yankin Bordo yawancin jar giyarsu haɗin Merlot ce da Cabernet Sauvignon da Cabernet Franc, wani lokaci da ɗan Petit Verdot ko Malbec. Merlot na riga nuna kuma yana da laushi a baki, Cabernet Sauvignon na makara kuma ya fi bauri da tsami. Shekarar da ruwa ko sanyi ya ɓata ɗaya, sai ɗayan ya rufa asiri, kamar dai manominmu da ke shuka gero da wake a gona ɗaya. A Shatonaf-du-Pap, kudancin ƙasar, dokarsu ta amince da aƙalla iri 13. Galibi kowane iri ana sarrafa shi dabam, sai daga baya a zauna da kofuna a gwada.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Barazil, a kwarin kogin San Faransisko, wajen garin Petrolina: busasshiyar ƙasa mai zafi, noman ban-ruwa. Can ana yin ruwan inabi marar giya da yawa da irin Isabel, mai yawan ƴaƴa da ƙamshi amma mai ƙarancin launi, sai a ƙara masa irin su BRS Violeta da BRS Cora, waɗanda hukumar binciken noma ta ƙasar, Embrapa, ta fitar don su ba da launi.

Algus shi ne a zuba ruwa da sukari da kala a ce zallar inabi ne. Haɗa inabi da inabi, a kuma faɗi abin da ke ciki, sana'a ce.

Mun gwada haɗi uku a gida, gardama ta kaure. Kowa da wanda ya zaɓa, a ƙarshe aka bi na maigida. Akwai hanyar ɗanɗanawa da za ta raba gardama?
*Wata uwargida, Zango*

Akwai, Hajiya, kuma farkonta shi ne maigida ya yi magana a ƙarshe. In babba ya riga cewa na biyu ya fi, ba yaron da zai ce a'a, sai a tashi da ra'ayin mutum ɗaya ana zaton na mutum shida ne.

Wanda ya haɗa shi zai zuba, a ɓoye, ya sa wa kofunan alamar da ba ta nuna komai. Kada a sa 1, 2, 3, don mutane na karkata ga na ɗaya. Kofunan su zama iri ɗaya, na gilashi, a zuba daidai wa daida, kuma sanyinsu ɗaya. Wannan na ƙarshen ana yawan raina shi: sanyi na rage jin zaƙi ya fito da tsami da bauri, saboda haka haɗin da ya yi daidai da ɗumi zai iya yin tsami in ya fito daga firigo. A ɗanɗana shi a yadda za a sha shi.

Lokaci mafi kyau hantsi ne, ba da yunwa ba, ba kuma a ƙoshe ba. Wanda ya ci goro, ko ya sha shayi mai ɗaci, ko ya ci yaji, ya dakata awa ɗaya. Wadda ta shafa turare ko ta fito daga hayaƙin turaren wuta, hancinta ba zai yi aiki ba, na kusa da ita ma haka.

A fara da ido: a karkata kofin a kan farar takarda a duba bakin ruwan. Ja mai ɗaukar shuɗi-shuɗi alamar sabo ce, in ya ɗauki ruwan ƙasa iska ta taɓa shi ko wuta ta yi yawa. Sai hanci: a kaɗa kofin a shaƙa. Warin hunhuna na nuna ruɓaɓɓun ƙwayoyi sun shiga, wari mai kama da na maganin goge jan farce kuma na nuna ya fara lalacewa. Sannan baki: a kurɓi kaɗan a zagaya da shi, a lura da abu huɗu, zaƙi, tsami, bauri, da abin da ya saura a baki bayan an haɗiye. Haɗi mai kyau shi ne wanda in an haɗiye ake son ƙari. A kurkure baki da ruwa tsakanin kofi da kofi, kuma kada a wuce kofi biyar ko shida a zama ɗaya. Kowa ya rubuta zaɓinsa, ko ya raɗa wa mai rubutu, kafin a buɗe baki.

In gardamar a kan haɗi biyu ne masu kama da juna, a fara tabbatar da cewa akwai ma bambancin. A ba kowa kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya dabam, a ce ya nuna bare. Mai cinta kawai zai dace sau ɗaya cikin uku. In ku shida ne, sai biyar sun gano kafin a yarda bambancin na gaske ne. In ba a kai haka ba, a ɗauki wanda ya fi araha a wuce.

Yara kullum mafi zaƙi za su zaɓa. A ji nasu, amma a san da haka.

Na cika kwalabe 30 na rufe da kyau. Bayan kwana biyu wasu suka fara kumfa, ɗaya ta fashe cikin dare, waɗanda na buɗe suka yi tsiit da wani wari. Me ya faru, kuma yaya zan hana?
*Mai sayar da abin sha, kusa da Kasuwar Dole*

Ƴar'uwa, ruwanki ya tsima. Akwai yis a jikin fatar inabi, da hannu, da ƙyallen tata, da iskar ɗaki. Yana cin sukari ya fitar da abu biyu: iskar da ta fasa miki kwalba, da sinadarin maye. A zafin digiri 30 zuwa 35 yini ɗaya ya ishe shi ya fara. Kimanin giram 17 na sukari a lita na ba da kashi 1 cikin ɗari na maye, ruwan inabi kuwa na ɗauke da wajen giram 180, wato in an ƙyale shi zai kai kashi 10 ko fiye. Rufe kwalba da ƙarfi ba ya hana shi, don yis ba ya bukatar iska a wannan aikin. Firigo na rage masa gudu ne kawai, ga kuma yadda wuta ke ɗaukewa.

Dafawar digiri 60 da aka yi don launi ba ta wadatar ba, saboda bayanta ruwan ya sake bi ta ƙyalle da mazurari da hannu. Dole a sake gasa shi cikin kwalbar da zai zauna. Wannan ita ce hanyar da Thomas Welch ya bi a Amurka a 1869, bisa binciken Louis Pasteur, ya fitar da ruwan inabin da ba ya tsima.

Kwalbar gilashi za ki nema, da sabon marfi. Gorar roba na lanƙwashewa tun kafin a kai zafin da ake bukata. Ki wanke kwalaben da sabulu da buroshi, ki tafasa su minti 10. Ki cika su ki bar santimita 3 zuwa 4 a sama, don ruwa na kumbura da zafi, sannan ki rufe. Shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, ki jera su a tsaye ba tare da sun taɓa juna ba, ki zuba ruwa mai ɗumi har wuyansu. Kwalba ɗaya ki bar ta a buɗe ki tsoma ma'aunin zafi a cikinta, don zafin cikin kwalba ake nema, ba na ruwan tukunya ba. In ya kai digiri 80, ki riƙe shi a nan minti 20. Da kin fitar da su, ki kwantar da su minti 3 don ruwan zafin ya taɓa cikin marfi, sannan ki tayar da su su huce da kansu, nesa da iska mai sanyi da jiƙaƙƙen siminti, in ba haka ba gilashin zai tsage.

Duk wannan a yi shi ranar da aka matse, ko bayan kwana ɗaya zuwa biyu in ruwan na cikin firigo mai aiki. Ki ajiye su a ɗaki mai duhu da sanyi, ki sa musu ido mako biyu kafin ki fitar kasuwa. Wadda ta nuna ƴan kumfa a wuya, ko marfinta ya kumbura, ki ware ta. Wadda ta tsira za ta yi watanni, sai dai launi na koɗewa a hankali in ɗakin na da zafi. Da an buɗe kwalba kuwa ta koma ɗanya: firigo, a shanye cikin kwana biyu zuwa uku.

Masu zuba garin hana lalacewa na kanti su sani cewa sobet ɗin fotasiyam ba ya kashe yis, yana hana shi hayayyafa ne kawai. In ruwan ya riga ya fara kumfa, ba abin da zai yi.

To wanda ya riga ya tsima fa? In na sake tafasa shi zai gyaru? Wata ta ce in mayar da shi khal, wato binega.
*Ita dai mai tambayar ta sama*

Ba zai gyaru ba. Tafasa ba ta kore sinadarin maye duka, ɗanɗanon ma ya riga ya tafi. Kada ki sha, kada ki sayar.

Maganar khal kuwa, malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye khal da kanta ta halatta, sun kuma saɓa a kan wadda mutum ya juya da hannunsa. Ki kai wa malaminku wannan. Abin da za mu faɗa ta fuskar sana'a shi ne, kowane khal ta wannan hanyar yake bi: yis ya mayar da sukari maye, wasu ƙwayoyin halitta masu son iska su mayar da mayen tsami. Masu yin sa da niyya tun farko suna sirka sabon ruwan inabi da ruwa har zaƙinsa ya sauko wajen 12, su zuba khal mai rai, wanda ba a dafa ba, kashi 1 cikin 10. Mazubi mai faɗin baki, a cika kashi biyu cikin uku, a ɗaure bakin da ƙyalle saboda ƙananan ƙudaje, a ajiye a inuwa mako 6 zuwa 8. Wata yana mai santsi za ta taso a sama, ita ce uwar khal, ba a motsa ta. Aikin ya fi tafiya a digiri 25 zuwa 30, don haka watannin bazara ba lokacinsa ba ne.

Inabi na da tsada, ko na Timiya ne ko wanda ake kawowa daga Hunƙuyi ta wajen Zariya. Zan iya ƙara zoɓo don ya yi auki ya kuma yi ja?
*Wata mai sana'a, Magarya*

Za ki iya, Hajiya, kuma zoɓo na kawo abu biyun da inabin ƙasa mai zafi ya fi rasawa, launi da tsami. Sai dai yana da mulki. Ki jiƙa giram 100 na busasshen zoɓo, wanda aka wanke aka rairaye yashinsa, cikin lita 1 na ruwan zafi minti 20, ki tace. Daga wannan ki fara da kashi 5 cikin ɗari a kofin gwaji, ki hau zuwa 10. Wajen kashi 15 mai sha zai ce zoɓo ne aka sa wa inabi. Baƙin zoɓo ya fi ba da launi, ja mai haske ya fi tsami, sai ki zaɓa gwargwadon abin da inabinki ya rasa.

Kada ki sa kanwa don kashe tsami. Tana juya jan ya koma shuɗi-baƙi, sannan tana rage tsamin da ke kare abin sha daga miyagun ƙwayoyin cuta, har gashin digiri 80 ya kasa wadatarwa. In ya yi tsami, ki ƙara inabi mai zaƙi. Ruwan rijiya mai kanwa-kanwa ma yana dusashe launi, a gwada shi a kofi tukuna. Citta da kanumfari kuwa, in an sa su irin yadda ake sa wa zoɓo, kuɗin inabin ya tafi a banza, don ba wanda zai ji shi.

Ki faɗa wa masu saye cewa inabi da zoɓo ne.

Da azumi nakan jiƙa zabibi da dabino tare tun safe don buɗa-baki. Wani ya ce an hana. Ya shafi irin haɗin da kuke koyarwa?
*Wani magidanci, Gidimuni*

Malam, wanda ya faɗa maka yana da madogara. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana a haɗa dabino da zabibi a jiƙa su tare, ya ce a jiƙa kowanne shi kaɗai. Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta kawo wannan hanin, ta ce ya shafi lokacin jiƙawa da lokacin sha. Malamai da yawa sun ɗauke shi karhanci, suka ce dalilinsa shi ne haɗin na saurin yin ƙarfi tun ɗanɗanonsa bai nuna ba. Ko hukuncin ya kai ga ruwan inabi iri biyu da aka gasa a kwalba, ko inabi da zoɓo, wannan fatawa ce, ta malamai ce.

Namu shi ne lokaci. Ya zo a Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi zabibi ya sha har yammacin rana ta uku, abin da ya saura a bayar ko a zubar. Wannan iyaka ce ta sama. A bazarar Damagaram jiƙon zabibi na iya fara kumfa tun bai kai nan ba. Giram 250 na wankakken zabibi cikin lita 1 na ruwa, awa 8 zuwa 12 a wuri mai sanyi, a murtsuke a tace a shanye a ranar. Mazubin a wanke shi da ruwan zafi kullum, don ragowar jiya ce ke tayar da na yau. Ƙwarya da tulun ƙasa sun fi riƙe wannan ragowar a jikinsu.

Na ga wasu ƙwayoyi masu ƙyalli a gindin kwalba, suna ƙaras-ƙaras a haƙori. Gilashi ne ya ɓantare?
*Wata ɗaliba, Garin Malam*

Ba gilashi ba ne, ƙanwata. Gishirin tsamin inabi ne da ya haɗu da fotasiyam, yana daskarewa in ruwan ya yi sanyi, kuma ba ya cutarwa. In kina son tabbatarwa, ki sa ƴan ƙwayoyin a ruwan zafi ki juya: za su narke, gilashi kuwa ba ya narkewa. Don kada masu saye su tsorata, a kwantar da ruwan a firigo awa 24 zuwa 48 kafin a zuba a kwalba, a tsiyaye na sama a hankali a bar gwiɓar a ƙasa. Tsami na ɗan raguwa bayan haka, shi ya sa ya fi kyau a yi gwajin haɗi bayan an tsiyaye.

Mahaifiyata na da ciwon sukari. Tunda ba a zuba sukari a ciki ba, za ta iya sha?
*Wani ma'aikaci, Zinder*

A yi hattara, ɗan'uwa. Ba a zuba ba, amma yana ciki. Kofi ɗaya na mililita 250 daga haɗin da ya nuna 17 na ɗauke da wajen giram 45 na sukari, kimanin ƙwayar sukari 8, kuma irin wanda ke shiga jini da sauri ne tunda an tace dusar. Tsamin zoɓo ko na ɗanyen inabi na ɓoye zaƙin a baki, ba ya rage shi a jini. Kada a ba ta sai da izinin likitan da ke duba ta, kuma in tana shan maganin hawan jini a gaya masa akwai zoɓo a ciki, don shi ma yana saukar da jini.